Lailak ɗin Gidan Durmush Usta

Durmush na ƙauyen Bozyaka, tafiyar sa'a guda a kan jaki daga Urgup, abu ɗaya ya iya a duniya, kuma wannan ɗayan ne ya hana shi koyon na biyu. Ya iya datsar inabi. An haife shi a shekarar 1919, ubansa ya damƙa masa lanƙwasasshiyar wuƙar datsa tun bai kai jaki tsawo ba, kafin ya cika talatin kuwa babu mai gonar inabi a kwarin nan da bai san hannunsa ba. A ba shi haƙƙinsa: kurangar inabin da ya bi ta kanta a watan Maris, idan kaka ta yi sai an tokare ta da sanda. Shi ya sa aka laƙaba masa Usta, wato gwani, kuma tun ranar da aka fara kiransa haka ya daina jin sunan da aka raɗa masa. Ka ce "Durmush" sau uku a kasuwa, ba zai waiwayo ba. Ka ce "Usta" a hankali, ko da wani kafinta kake nufi, sai ka ga ya gyara hula.

Iliminsa duka bai wuce ƙa'ida biyu ba. Ta farko, kowane reshen bara a datse shi a bar masa idon toho biyu, ba uku ba, ba ɗaya ba. Ta biyu, da zarar ruwa ya motsa a jikin itace toho ya fashe, wuƙa ta koma kube sai baɗi, don itacen da aka yanka bayan ya farka kuka yake yi har ya rame. A kan inabi duk wannan gaskiya ne. Inda Durmush ya ɓata shi ne, a wurinsa Allah bai halicci komai mai saiwa ba sai inabi, sauran itatuwa duk inabi ne da bai samu tarbiyya ba.

Matarsa Pakize 'yar wani mai ɗinkin takalmi ce daga can saman tudu. A ƙarshen 1952 uban ya rasu, 'yan'uwanta suka sayar da gidan. Da aka zo rabon tukwanen tagulla da darduma, ita fartanya ta nema, ta haƙo wani tsiro mai tsawon kamu biyu daga gindin lailak, wani itacen fure da ke tsakar gidansu, ta naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, ta kawo ta dasa jikin katangar da ta raba su da maƙwabciyarsu Zekiye. Ruwa kawai take ba shi. A Mayun 1955 ya fitar da zangarniya uku ta fure, launin shunayya, ƙamshinsu na kaiwa har bakin ƙofa. Pakize ta ɗauko tabarma ta koma tsintar alkama a gindinsa.

Durmush ya tsaya a kanta, hannu a baya. Hanum yake ce mata, wato uwargida, ita kuma ta ce masa Efendi, wato maigida.

"Nawa ne wannan, Hanum?"

"Uku ne, Efendi. Na gidanmu ma haka ya fara."

"Uku. Shekara uku yana shan ruwan gidana, ya ba ni uku. Rashin tarbiyya ke nan. Bari Maris ya zo in sa masa hannu, ki ga ɗari uku."

"Babana bai taɓa sa masa wuƙa ba. Sai dai in fure ya bushe ya karye kan ya yar."

"Allah ya jiƙan baba. Ai shi takalmi ya iya."

Da maganar ta tsaya a tsakar gida da an huta. Amma Durmush ba ya iya riƙe magana mai daɗi shi kaɗai. Washegari ya kai ta gidan shayi, inda maza ke zama suna wasan tawula na jefa ƙwaya a kan allo, ya maimaita ta gaban mutum goma sha ɗaya. Cikinsu akwai Shevket mai sanƙo, tsaransa, abokin sana'arsa, wanda tun suna yara ba ya barin Durmush ya sha ruwa ba tare da ya ƙirga masa maƙwarwa ba.

"Ɗari uku ya yi yawa," in ji Shevket. "Mu rage maka. Ɗari."

"Ɗari ma raini ne. Amma na karɓa. In bai yi ɗari a hannuna ba, ku daina ce mini Usta."

"Kun ji ko, jama'a? Ni dai na ji, kunnena ba sanƙo gare shi ba."

Da haka mutum ya ɗauki abu ɗaya tak da ya mallaka mai daraja, ya rataye shi a reshen itacen da bai taɓa tambayar kowa yadda ake rainonsa ba.

Ranar goma sha huɗu ga Maris, 1956, ƙanƙara na narkewa a kan rufin gidaje, ya wasa wuƙa ya faɗa wa lailak. Ya bi shi reshe reshe, kowanne ido biyu. Da ya gama, itacen ya koma kamar tsohuwar tsintsiya da aka kafa a ƙasa. Ya ja baya yana shafa gashin baki. Mayu ya zo, lailak ya yi ganye shar, fure ko ɗaya babu.

Durmush bai girgiza ba. Ya ce sanyin bana ne ya wuce kima. Shekarar da ta biyo ya ce itace yana sabawa da hannu ne. A 1958 ya gano bakin mutane ne, ya ɗaura masa shuɗin dutsen ado na maganin kambun baka. A 1959 ya yanke hukuncin yunwa ce, ya hau ɗakin tattabarunsa da ke cikin dutse, wanda sau ɗaya ake buɗewa a shekara, ya kwaso kashin tattabara buhu biyu, takin da zai ishi kuranga arba'in, ya juye a gindin itace ɗaya. Lailak ya gode, ya fitar da ganye faɗin tafin hannu, kore har yana baƙi baƙi. Kowane Maris kuwa, kafin ya fita gonar kowa, sai ya fara da shi, ido biyu. Kowane Maris Pakize na tsaye a ƙofar ɗakin girki ta ce, "Efendi, da ka bar shi bana." Sau ɗaya take faɗa. Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Je ki duba tukunyarki."

Katangar gidan ba ta da tsawo, kuma hanyar masallaci ta nan ta bi. Duk Mayu rabin ƙauyen sai ya leƙa.

"Usta," in ji Shevket wata ran yana motsa shayi, "uwargidana ta ce in tambaye ka, ko za ka sayar mata da ganyen nan? Ta ce ya fi na inabi faɗi, za ta naɗe shinkafa a ciki."

"Ka ce mata ta naɗe kanka da shi, rana na dukansa."

"Lailak ɗin kusa da maƙabarta fa ya yi fure bana. Na wuce jiya, har ƙudan zuma sun hana ni hanya. Wa ke datse shi ne?"

"Wannan na daji ne. Ba iri ɗaya ba ne."

"Ashe. Naka mai ilimi ne, shi ya sa yake jin kunyar fure."

Durmush ya kurɓe shayinsa ya tashi. A hanya yana ta gaya wa kansa cewa hassada ce, kuma ranar da itacen zai buɗe, bakin kowa zai rufu. Bai taɓa shakkar zuwan ranar ba. Mai shakka shi ke yin tambaya, shi kuwa Usta ba ya tambaya.

Amsar ma da ƙafarta ta zo ta same shi har gida, ya ƙi buɗe mata ƙofa. A Maris na 1961 ne. Yana cikin datsa, rassa na zuba, wasu na faɗawa hayin katanga, sai Zekiye ta leƙo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ta girme Durmush da shekara goma, shi ya sa yake ce mata Abla, wato yaya, kuma tana budurwa ta yi aiki a gidan wani alƙali a Kayseri inda lailak ya yi layi tun daga ƙofa har rijiya. Riƙe take da reshe ɗaya da ta tsinta.

"Sannu da ɓarna, Durmush ƙanena."

Bai waiwayo ba.

"To, Usta. Sannu da ɓarna."

"Yauwa, Zekiye Abla. In rassan sun dame ki, ki tara ki sa a tanda."

"Shekara shida ke nan ina gasa burodi da furen matarka. Matso ka gani."

Ta nuna masa kan reshen, inda toho biyu masu ƙiba ke manne da juna. Ta sa farce ta tsaga ɗaya. A ciki ga wani ɗan abu kore dunƙule, kamar nonon inabi da aka ƙera don tururuwa.

"Ka ga wannan? Fure ne. Tun ranin bara ya ɗaura shi a kan reshe, ya kwana da shi cikin ƙanƙara wata huɗu, saura mako bakwai ya buɗe, kai kuma ka zo ka fille masa kai. Inabinka a reshen bana yake haihuwa, wannan a reshen bara. In ma dole sai ka yanka, ka yanka yana cikin fure ko da ya gama, ya samu rani ya ɗaura wani."

"A yanka itace a Mayu? Yana farke?"

"Ƙwarai."

Durmush ya yi dariya har ya dafa katanga. Bai kalli abin da ke kan farcenta ba, ya ce bai fito da tabarau ba, shi da bai taɓa mallakar tabarau ba.

"Abla, ke kin share gidan alƙali, ni na datse kuranga dubu ɗari. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

"Alƙalin ma in an kawo masa shaida yakan duba," in ji ta, ta jefa masa reshen ta sauka.

A gaskiya maganar ta ɗan tsaya masa a maƙogwaro kwana biyu. Amma ya auna ta, ya ga in gaskiya ce, to shekara shida ke nan shi ne cutar itacen, kuma tsohuwa ce ta gano. Hakan ba zai yiwu ba, saboda haka ba gaskiya ba ce. Da wannan lissafi ya samu barci.

A 1964 ya koma ga dabarar kakanni. Itacen da ya ƙi haihuwa akan tsorata shi: mai shi ya zo da gatari yana huci, wani ya riƙe hannunsa yana roƙo, itace ya ji ya shiga taitayinsa. Ana buƙatar mutum biyu, kuma duk ƙauyen babu wanda ya yarda ya zo sai Shevket, shi ma ya zo ne da niyyarsa.

Durmush ya ɗaga gatari. "Yau sai na sare ka. Shekara tara kana cin takina, ba ka da amfani."

Shevket ya riƙe masa hannu. "Haba Usta, yi haƙuri, ka bar shi bana. Ni na tsaya masa, zai yi fure."

"Sake ni in sare shi."

"Ka yi masa rai. Yaro ne, bai san kai ne Usta ba." Sai ya juya wajen itacen ya rage murya, amma ba yadda Pakize da ke ɗakin girki za ta kasa ji ba. "Kai kuma bawan Allah, gatarin nan ba abin tsoro ba ne, sau ɗaya zai yi maka. Ƙaramar wuƙar da ke ɗamararsa ita ce ajalinka."

Sai aka ji tukunya ta faɗi a ɗakin girki, aka ji kamar mutum na ɓoye dariya da tari cikin mayafi. Durmush ya kori Shevket, ya yi wata biyu ba ya amsa sallamarsa. Mako guda bayan tsoratarwar ya datse itacen, ido biyu.

Haka aka yi ta yi har Maris goma sha ɗaya suka cika. Sai Allah ya kira shi Makka. A 1967 aikin Hajji ya faɗo daidai lokacin datsa, motar alhazai za ta tashi ƙarshen Fabrairu, ƙasa na daskare. Durmush ya raba gonakin da yake yi wa aiki ga abokan sana'a ba tare da ya damu ba, amma lailak ya hana shi sukuni. Dole ya haɗiye girman kai ya je wurin Shevket.

"Tsakiyar Maris. Ido biyu. Kada ka tausaya masa."

"Ka tafi da zuciya ɗaya, Usta. Ka roƙa mini gashi a can."

Shevket ya cika rabin alkawari, don ranar sha biyar ga Maris ya zo da wuƙarsa. Pakize ta shimfiɗa masa darduma a rana, ta kawo shayi, ta kawo burodi mai zafi da zumar inabi da gyaɗar dutse. Ya ci, ya sha kofi uku. Da ya yunƙura zai tashi, ta zauna a gindin itacen ta jingina bayanta da shi tana saƙa.

"Shevket Aga, shekara goma sha huɗu ban roƙi kowa komai a kan itacen nan ba sai mai gidan."

Shevket ya dube ta, ya dubi dogayen rassan da kowanne ke ɗauke da toho biyu a ka.

"Yenge, matar ɗan'uwana, ni dai an ce in datse itace. Ba a ce in ɗaga matar mutane daga inda take zaune ba." Ya mai da wuƙa kube ya tafi.

Ranar goma sha shida ga Afrilu motar alhazai ta dawo. An shafa wa ƙofar gidan koren fenti, alamar gidan alhaji, maza sun cika tsakar gida, ana ta sumbatar tafin hannun Haji Durmush, ana zaga dabino da zamzam a ƙananan kofuna. Shi kuwa tun da ya sa ƙafa a gidan idonsa na jikin katanga. Rassa sun miƙe sun fi shi tsawo, toho ya fashe, ganye ya fara leƙowa. Hannunsa ya kai ɗamara da kansa, ya tarar babu wuƙa, in ma akwai, ƙa'idarsa ta biyu ta ɗaure shi: itace ya farka.

Mai hankali da ya yi shiru ya jira mako uku. Durmush ya miƙe gaban baƙi wajen talatin ya nuna itacen da carbi.

"Ku shaida, aikin shekara goma sha ɗaya aka rushe mini. Saura ƙiris ya ba da kai, aka bar shi ya koma daji. Bana ko ganyen kirki ba zai yi ba. Ku rubuta ku ajiye."

Ba a rubuta ba, amma an ajiye.

Ranar huɗu ga Mayu zangarniyar farko ta buɗe. Kafin mako ya zagayo itacen ya rufe da shunayya tun daga tsakiya har sama, ƙamshi ya tsallake katanga ya bi hanyar masallaci, har liman ya tsaya yana tambayar gidan wa ake turare. Pakize ta ƙirga, Zekiye ta ƙirga daga hayi, lissafinsu ya zo ɗaya: ɗari da goma sha bakwai. Mata suka yi ta sallama suna roƙon reshe ɗaya na sawa a tulu. Pakize kuwa ta mai da tabarmarta gindin itacen, ta ci gaba da tsintar alkama daga inda ta tsaya a 1955.

Durmush ya yi kwana biyar bai fita ba, wai gajiyar hanya. Ran na shida ya daure ya shiga gidan shayi, ya tarar kowane mutum da ɗan reshen lailak a bayan kunne, har mai dafa shayin.

"Maraba da Haji," in ji Shevket. "Ɗari da sha bakwai. Ka cika alkawari har da gyara."

Durmush ya ga mafita a maganar, ya kama ta da sauri. "To, ai na gaya muku. Ƙarfin da na tara masa shekara goma sha ɗaya ne ya fito."

"Haka ne. Sai dai mun tuna kalmar da ka faɗa, ka ce a hannunka. Hannun nan kuwa yana Makka. Shi ya sa muka yi shawara, duk Fabrairu za mu haɗa maka guzuri ka koma. Kai ka samu lada, mu mu samu fure."

Aka yi dariya har wani ya ƙware. Daga can lungu wani ya ce, "A kawo wa Haji Lailak shayi." Ba a san takamaimai wanda ya fara faɗa ba, mutum uku sun yi iƙirari daga baya.

Rani ya wuce, kaka ta wuce, ƙanƙara ta sauko, Durmush na ta juya abu ɗaya a ransa. Maris na zuwa. In ya datse itacen ya ƙi fure, ya tabbatar wa duniya wuƙarsa ce cutar. In ya bar shi ya yi fure, ya tabbatar da maganar Zekiye da ta mai ɗinkin takalmi. Akwai hanya ta uku, wadda ba ta fi kalma huɗu ba: ya shiga gidan shayi ya ce "ashe ban sani ba." Da an yi masa dariyar kwana biyu an manta, don mutanen Bozyaka ba sa riƙon wanda ya riga su yi wa kansa dariya. Wannan hanyar ko sau ɗaya ba ta faɗo masa ba. Wadda ta faɗo masa ita ce ta huɗu.

Ranar biyu ga Maris, 1968, da hantsi, ya kira Pakize ya nuna mata wata tsaga a katanga, tsagar da ke nan tun kafin a kawo Pakize gidan.

"Kin gani? Saiwarsa ce. In aka bar shi, katangar nan a kan mutum za ta faɗo."

"Efendi, tsagar nan ta girmi aurenmu."

"Ni za ki koya wa saiwa?"

Ta ga gatari jingine a bayansa. Ta daɗe tana dubansa, shi mijin, ba gatarin ba.

"Daga gidan ubana tukunya ban ɗauko ba, darduma ban ɗauko ba. Ka sani."

"Zan dasa miki inabi a wurin. Abin da ake ci."

Wannan karon babu mai riƙe masa hannu. Sara goma sha biyu ya yi, itacen ya kwanta da dubban tohonsa. Pakize ta shiga ɗaki. Tun daga ranar abincinsa bai taɓa makara ba, rigarsa ba ta taɓa kwana da datti ba, kuma ba ta sake ce masa "da ka bari" a kan komai ba, ko da ta ga zai taka wuta. Shi a ganinsa ta yi hankali ne.

A gidan shayi ya ba da labarin katanga. Babu wanda ya yi dariya. Shevket ya ci gaba da jefa ƙwayar tawula kamar ba a yi magana ba, abin da ya fi kowace tsokana ciwo.

Da Durmush ya taɓa tambayar kowa game da lailak, da an gaya masa cewa sara ba ya kashe shi. Kafin Yuni tsiro ya ɓullo daga saiwa ko'ina a tsakar gidan, ashirin da wani abu. Ya bi su da fartanya ɗaya bayan ɗaya, suka sake fitowa, ya sake bi. Amma saiwa ba ta san iyakar gida ba. Uku sun bi ta ƙarƙashin katanga sun fito a gefen Zekiye, inda fartanyarsa ba ta da iko. Tsohuwa ta kewaye su da duwatsu saboda kaji, ta riƙa zuba musu ruwa, shi ke nan.

A Mayun 1972 suka kere katanga suka yi fure, rassan suka sunkuyo cikin gidan Durmush kamar masu gaisuwa. Ya ɗauko tsani da wuƙa.

"Zekiye Abla, itacenki ya shigo mini gida. Abin da ya tsallako haƙƙina ne, zan yanke."

"Yanke, ƙanena. Yanke da kyau."

"Ba wasa nake ba. Yana farke zan yanka shi, ya yi ta kuka har ya mutu."

"Allah ya ba da sa'a."

Ya yanke duk reshen da ya tsallako, da furensa, ya watsar a ƙasa. Pakize ta bi ta tsince ta cika tuluna uku. Itacen ya samu rani cikakke ya yi sababbin rassa, ya ɗaura toho ninki biyu. Baɗi ya tsallako fiye da bara, Durmush ya sake hawa tsani cikin fushi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan ramuwar gayya, kuma tsofaffin ƙauyen sun haɗu a kan cewa ba a taɓa ganin lailak mai kyan wannan ba tsakanin Bozyaka da Urgup. Duk wanda ya yaba a gabansa, sai ya ce ai wannan wani iri ne dabam, tsohuwar daga Kayseri ta samo.

Gonakin inabi bai rasa su ba, don hannunsa bai canza ba har ya tsufa. Masu gona na zuwa su ɗauke shi aiki, su yaba, su sallame shi. Sunan ne dai bai dawo ba. Shekarun farko yakan ƙi waiwayowa in an kira shi da sabon sunan, sai ya ga in bai waiwayo ba babu mai kiransa da komai.

Ya rasu ranar tara ga Nuwamba, 1983, yana da shekara sittin da huɗu. Ladan ya hau hasumiya ya yi sanarwa yadda aka saba, ya ce Durmush Usta ɗan Hurshit ya riga mu gidan gaskiya, za a yi salla bayan azahar. A gidan shayi mutane suka dubi juna. Akwai Durmush uku a ƙauyen, kuma babu wanda ya tuna akwai Usta a cikinsu. Sai da Shevket, wanda lokacin da sanda yake tafiya, ya ajiye kofinsa ya share ido da bayan hannu.

"Haji Lailak ne," ya ce. "Ku tashi mu je."